Kwana Biyu Cikin Fuskokin Louvre

Ɗan ƙanwata da yake karatu a birnin Paris shi ne ya matsa mini lamba, domin ni da farko ban sa gidan tarihi na Louvre cikin lissafin tafiyata ba. Taro ne ya kai ni Faransa a watan Nuwamba, aka tashi ranar Talata da rana, jirgina kuma sai Asabar. Na ce masa to mu tafi yanzu mu huta da zancen, sai ya ce: "Kawu, ai ba sa buɗewa ranar Talata, sai dai gobe, kuma don Allah ka sa takalmin da ƙafarka ta saba da shi." Shawararsa ta farko na bi ta dole, ta biyun kuwa na yi kunnen uwar shegu da ita, na ɗauko sabon takalmin da na saya saboda taron, kuma kafin azahar ɗin Laraba na ɗanɗana kuɗata.

Mun sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Palais Royal wajen ƙarfe tara, ana yayyafi, muka bi layi zuwa dalar gilashin nan da aka kammala a 1989, wadda I. M. Pei, Ba'amurke ɗan asalin ƙasar Sin, ya tsara. Ta cikinta ake gangarawa, kuma wurin da yaron ya fara kai ni shi ne can ƙasa, inda harsashin tsohuwar ganuwa yake. Sarki Philippe Auguste ne ya fara gina wannan wuri wajen 1190 a matsayin sansanin tsaron birni, daga baya ya zama fada, sai a 1793, cikin guguwar juyin juya hali, aka buɗe shi ga jama'a. A jikin duwatsun ganuwar akwai ƙananan alamomi da aka karce, wasu kamar gicciye, wasu kamar zanen zuciya, kuma su ne shaidar da kowane mafasin dutse yake sawa a kan aikinsa domin a ƙirga a biya shi lada. Na sa yatsa kusa da ɗaya ban taɓa ba. Abin da ake nunawa a gidan ya kai kimanin 35,000, saboda haka muka yi shawara mu bi hanya ɗaya kawai, wato yadda Turawa suka yi ta fama da siffar ɗan Adam tun daga sassaƙar Girkawa har zuwa zanen fuska.

Sassaƙar Girkawa ta farko ba ta yi kama da abin da nake tsammani ba. Akwai wata ƙaramar mace ta farar ƙasa mai tauri da ake kira Uwargidan Auxerre, wadda aka sassaƙa a tsibirin Kirit wajen shekara 640 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tsayinta bai kai mita ɗaya ba, tana tsaye ƙyam kamar turmi, hannunta ɗaya a ƙirji, gashinta a kitse yana sauka gefe biyu irin na mutanen Masar. Gaba kaɗan akwai kan wani mahayin doki da ake kira Rampin, na wajen shekara 550, yana wani murmushi wanda ba na farin ciki ba ne, dabara ce kawai da masassaƙan lokacin suke nuna cewa dutsen nan mai rai ake nufi. Kan yana Paris, gangar jikin da dokin suna Atina, kowane gida kuma ya cike abin da ya rasa da filasta. A gashinsa da gemunsa ana iya ganin ragowar jan launi, kuma a nan na fara sanin cewa farin da muke gani a gumakan Girka aikin zamani ne da ruwan sama, domin masu su da fenti suka san su, ja da shuɗi da ruwan zinariya, har da idanu masu launi.

Dole in faɗi wani abu game da tsiraici, tun da duk wanda ya taso irin tasowarmu zai yi karo da shi daga ɗaki na uku. Girkawa sun ɗauki jikin saurayi mai ƙarfi a matsayin ma'aunin kyau da nagarta, har wani masassaƙinsu, Polykleitos, ya tsara ƙa'idar awo ta yadda kai da ƙirji da cinya za su daidaita da juna. Ni na zo kallon aikin hannu ne, kuma na san abin da addinina ya ce game da gumaka, don haka ban ji wani rikici a raina ba. Wanda ya shiga uku shi ne ɗan ƙanwata, domin tsayuwa da kawu a gaban irin waɗannan siffofi ba ƙaramin nauyi ba ne, sai na lura duk inda muka tsaya yakan duƙufa a kan taswirar gidan kamar mai neman ɓatacciyar allura. Na ƙyale shi da taswirarsa.

Venus ta Milo tana tsaye ita kaɗai a ƙarshen wani dogon zaure, tsayinta ya ɗan haura mita biyu. Wani manomi ne ya tono ta a tsibirin Milos a 1820, lokacin tsibirin yana ƙarƙashin Daular Usmaniyya, jakadan Faransa ya saye ta ya kai wa Sarki Louis na 18, shi kuma ya ba gidan tarihin a 1821. An sassaƙa ta tsakanin shekara 150 da 125 kafin haihuwar Annabi Isa, daga manyan duwatsun mabul biyu da aka haɗa a daidai inda zane ya naɗe ƙugu, kuma idan mutum ya matso zai ga ƙananan huji a hannu da kunne inda dā ake maƙala mata kayan ado na ƙarfe. Na zaga ta sau biyu. Gwaninta kam akwai ta, musamman yadda nauyin jikin ya sauka a ƙafa ɗaya har ƙugu ya karkace kamar na mai ɗauke da tulu, amma fuskar ba ta kowa ba ce. Babu tabo, babu tamoji, babu alamar ta taɓa yin zazzaɓi ko ta taɓa jiran wani a bakin ƙofa.

Wadda ta fi kama ni ba ta ma da kai. A saman babbar matakalar Daru aka kafa ta, mace mai fukafukai da ta sauko a goshin jirgin ruwa na dutse, wadda Girkawa suke kira Nike, wato nasara. Wani ma'aikacin jakadancin Faransa, Charles Champoiseau, ya same ta gutsure-gutsure a tsibirin Samothrace a 1863, kuma aikin na wajen shekara 190 ne kafin haihuwar Annabi Isa. Ita da jirgin sun haura mita biyar. Abin mamakin shi ne tufafin, domin masassaƙin ya sa dutse ya zama jiƙaƙƙen ƙyalle da iskar teku ta manna a ciki da cinya, sauran kuma yana kaɗawa ta baya, har mutum ya ji kamar ya gyara hularsa kada ta tashi. Fiffiken dama filasta ne da aka kwaikwaya daga na hagu. Tafin hannunta kuwa sai a 1950 aka tono shi, yana nan gefe cikin akwatin gilashi, kuma mutane ƙalilan ne suke waiwayarsa. A kan wani benci kusa da wannan hannu na fara kwance igiyar takalmina a ɓoye.

Da muka shiga ɓangaren Rumawa sai na ji kamar na fito daga duniyar aljanu na shigo kasuwa. Ga kawuna jere a kan ginshiƙai, wannan mai sanƙo, wancan mai kumatu a zube, wani da leɓe a tsuke kamar mai bin bashi. Manyan gidajen Rum suna da al'adar ajiye fuskokin kakanninsu da aka yi da kakin zuma a zauren gida, a fito da su ranar jana'iza, saboda haka a wurinsu tamoji da furfura shaidar hidima ce da dattako, ba abin ɓoyewa ba. Na daɗe a gaban Agrippa, aminin Augustus, sarkin daular Rum na farko, kuma surukinsa, wanda ya jagoranci jiragen yaƙi a Actium a shekara 31 kafin haihuwar Annabi Isa: gira a haɗe, muƙamuƙi mai kauri, irin mutumin da ake ba amanar aiki ba a ba shi amanar raha. Shi kuwa Augustus ɗin wayo ya yi, ya ari salon Girkawa, duk inda aka sassaƙa shi saurayi ne, alhali yana da shekara 75 ya rasu.

Wani sarkin Rum, Caracalla, ya sa a sassaƙa shi da goshi a murtuke, wuya a karkace, kamar wanda aka kira sunansa ba da ladabi ba. Mahaifinsa, Septimius Severus, haifaffen Leptis Magna ne a gaɓar Libiya ta yau. A shekara ta 211 Caracalla ya sa aka kashe ƙanensa Geta, bai tsaya nan ba ya ba da umarni a kankare sunansa daga rubuce-rubucen dutse, a farfasa siffofinsa, a goge fuskarsa daga zane. Ashe tun wancan zamani masu mulki sun gane cewa suna da fuska su ne abin da ake bari, kuma su ne abin da ake iya ƙwacewa.

A wani ɗaki mai duhu-duhu a ƙasa muka tarar da zanen fuskokin da ake kira na Fayum, daga Masar ta zamanin mulkin Rumawa. A kan siraran alluna ake zana su da launi da aka kwaɓa da narkakken kakin zuma, sannan a ɗaure allon a kan fuskar gawa bayan an naɗe ta. Akwai wata budurwa daga Antinoopolis, ta ƙarni na 2, da 'yan kunne na lu'ulu'u da ganyen zinariya a wuya, manyan idanunta sun ɗan kauce kamar mai jin kunya. Duk wanda ya taɓa riƙe hoton fasfo na wani mamaci zai gane abin da na ji. Daga nan kuma sai wannan gwaninta ta kama fuskar mutum kamar yadda take ta yi ƙaura daga Turai na ɗaruruwan shekaru, domin bayan faɗuwar Rum ta yamma a 476 coci ce ta zama babbar mai ba da aiki, ita kuma tsarki take so a nuna, ba kamannin wane da wane ba. Babban allon Nana Maryamu da jaririnta da mai zane Cimabue ya yi wajen 1280, wanda tsayinsa ya haura mita huɗu kuma aka kwaso shi daga wata coci a Pisa zamanin Napoleon, ya nuna haka sarai: bayansa zinariya zalla, mala'iku shida kuma kamar an tsaga kara.

Dogon zauren zanen Italiya shi ne ya ƙarasa ƙafata, amma a cikinsa na ga abin da ya biya ni wahalar. Wani ɗan allo ne da Domenico Ghirlandaio na Florence ya zana wajen 1490, da launin da ake kwaɓawa da kwaiduwar ƙwai. Tsoho ne cikin jar riga mai gezar fata, furfura ta cinye kansa, yana rungume da yaro mai jar hula da gashi kamar zaren zinariya. Hancin tsohon ya kumbura ya yi gudaji-gudaji saboda wata cutar fata, ga kuma wani ƙullutu a gefen goshinsa, mai zanen bai rage ko ɗaya ba. Yaron ya ɗora ɗan tafin hannunsa a ƙirjin tsohon ya ɗaga kai yana kallonsa, kuma a idonsa babu ƙyama ko tsoro, domin shi kakansa yake gani, hancin kuwa da shi ya san shi. Tsohon ya sunkuyar da ido yana wani guntun murmushi irin na wanda ya san kwanansa sun ƙure. Ta tagar da ke bayansu ana hango hanya tana murɗawa tsakanin tsaunuka. A Stockholm akwai wani zanen alƙalami na wannan tsoho da idanunsa a rufe, abin da ya sa masana suke ganin bayan rasuwarsa aka yi hoton, domin iyali su riƙa tunawa.

Na tambayi ɗan ƙanwata sunan mutumin, ya karanta ɗan allon bayanin ya ce: "Kawu, ba su rubuta ba, tsoho da yaro kawai suka ce." Sai lissafi ya zo mini. A shekarar da ake zana wannan hanci, Muhammadu Rumfa ne yake sarautar Kano, tun da daga 1463 zuwa 1499 ya yi mulki. Mun san sunansa da na mahaifinsa, mun san gidan da ya gina wanda har yau sarki yake ciki, mun san kasuwar Kurmi, mun san baƙuncin Shehu Maghili a fadarsa, maroƙa kuma ba su bar kirarinsa ya faɗi ƙasa ba, amma da zai ratsa ta Ƙofar Kudu yau babu wanda zai shaida shi da ido. Wannan tsoho kuwa kowane gudajin hancinsa ya tsira shekara fiye da 500, sunansa ne ya ɓata. Mu a baki muka yi ajiyarmu, su a allo, kuma kowace ajiya akwai abin da gara ta ci.

Mona Lisa ba za ta ci mini wuri da yawa ba, domin ita ma ba ta ba ni lokaci ba. Allon bai wuce santimita 77 a tsaye da 53 a kwance ba, yana bayan gilashi mai kauri, kuma an ja layi kamar na rabon taki. Lisa Gherardini ce, matar wani ɗan kasuwar siliki na Florence, Francesco del Giocondo, Leonardo da Vinci ya fara zana ta wajen 1503, bai kai wa mai ita ba, ya taho da ita Faransa inda ya rasu a 1519. Gwanintarsa ita ce shafa launi siriri a kan siriri har ba a ganin inda haske ya ƙare inuwa ta fara, musamman a gefen baki da ido. Sai dai satar da wani ma'aikaci ɗan Italiya, Vincenzo Peruggia, ya yi mata a watan Agusta na 1911, har aka yi fiye da shekara biyu ana cigiya a jaridun duniya, ta ƙara mata suna ƙwarai. Yawancin waɗanda suka kai gaba juya mata baya suke yi su ɗaga waya. Ni ma na juya, amma don in kalli bangon da ke fuskantarta, inda zanen walimar aure na Veronese na 1563 ya kusa mita goma a faɗi, da mutum fiye da ɗari a ciki, har da masu rawani da bayi baƙaƙe suna zuba abin sha. Sojojin Napoleon ne suka ɓamɓaro shi daga ɗakin cin abincin wani gidan ibada a Venice a 1797. A nan muka tsaya ranar, na fita ina ɗingishi.

Alhamis na yi jinyar ƙafa. Ranar Juma'a gidan yana kaiwa dare, don haka bayan mun sauko daga babban masallacin Paris muka koma, wannan karo cikin takalmin motsa jikin yaron, muka hau bene na sama a ɓangaren Richelieu inda babu cunkoso. A nan wani ɗan allo yake wanda ake lissafa shi cikin mafi daɗewar zanen fuskar mutum ɗaya tilo da suka rage a Turai tun bayan Rumawa. Jean na 2 ne, sarkin Faransa, an zana shi wajen 1350, ta gefe kamar kan da ke jikin kwabo, babu kambi, gashi a barbaje, gemu ba a gyara ba, an rubuta sunansa a sama. Shi ne wanda Ingilishi suka kama a yaƙin Poitiers a 1356, ya kuma rasu a Landan a 1364. Kusa da shi akwai Sarki Charles na 7 na Faransa wanda Jean Fouquet ya zana, an rubuta masa "mai babbar nasara" a jikin katakon, amma fuskar da ta leƙo tsakanin labule biyu ta mai ciwon ciki ce da bai yi barci ba.

Mutanen Flanders, wato yankin Beljiyam ta yau, su ne suka ɗaga wannan sana'a da fentin mai, wanda ba ya saurin bushewa kamar na ƙwai, don haka mai zane yana da sararin ya yi ta shafawa yana gyarawa. Allon Jan van Eyck na wajen 1435 bai fi faifai biyu ba, amma sai da na yi kusan rabin sa'a a gabansa. Nicolas Rolin ne, wazirin sarkin Burgundy, ya durƙusa cikin alkyabba mai zaren zinariya a gaban Nana Maryamu da jaririnta, kuma girmansa daidai da nata, abin da mai zanen zamanin Cimabue ba zai kuskura ba. Ana ganin tsiron gemun da aska ta bari da jijiyar da ta taso a gefen kansa. Ta tsakanin ginshiƙai akwai lambu da ɗawisu, da wasu mutum biyu 'yan mitsi-mitsi suna leƙe ta kan ganuwa, sai kogi da gada cike da masu wucewa waɗanda ba su fi ƙwayar gero ba, sai birni, sai tsaunuka masu ƙanƙara. Binciken na'ura ya nuna cewa da farko an zana babbar jakar kuɗi a ƙugun wazirin, daga baya aka shafe ta. Wannan ya ba ni dariya, domin na san irin attajirin da yake cire agogonsa kafin a ɗauke shi hoto a masallaci. Amma a yi masa adalci, shi ne ya gina asibitin talakawa na Beaune a 1443, kuma ginin yana nan.

Hoton da ake aika wa mai neman aure ma ba yau aka fara ba. A 1539 Sarki Henry na 8 na Ingila ya tura mai zanensa, Hans Holbein, ya zano masa Anne ta Cleves, ya zano ta tana fuskantar mai kallo cikin jan karan-miski da zinariya, hannu a haɗe, ido a ƙasa. Sarki ya gani ya amince, da amarya ta iso kuma ya ce ba haka ba, aka ɗaura a Janairun 1540 aka warware a Yuli. Wazirin da ya ƙulla auren, Thomas Cromwell, a wannan watan aka fille masa kai, mai zanen kuwa ya ci gaba da aikinsa a fada. Shi kuwa Rembrandt kansa ya zana a 1660, bayan karayar arzikin da ta same shi a 1656, da farar hular aiki da buroshi a hannu, fuska a kumbure cikin duhu, kuma ban ga inda ya yi wa kansa rangwame ba.

Wanda ya yi wa kansa rangwame shi ne Sarki Louis na 14 na Faransa. Hyacinthe Rigaud ya zana shi a 1701, tsayin zanen ya kusa mita uku, da nufin a aika wa jikansa da ya zama sarkin Sifaniya, amma da ya ga yadda ya fito sai ya riƙe abinsa. Shuɗiyar alkyabba mai furannin zinariya, cikinta farar fata mai ɗigon baƙi, gashin kanti har kafaɗa, takobi a ƙugu, takalmi mai jar dunduniya. Fuskar ta dattijo ce da ya haura 60, kumatu sun zube saboda rashin haƙora, ƙafafun kuwa na saurayi ne mai rawa. Wannan sarki ne a 1685 ya sa hannu a dokar da ta tsara bautar baƙar fata a tsibiran Faransa, wadda ta lissafa bawa cikin kayan gida.

Na ambaci wannan doka ne saboda hoton ƙarshe da yaron ya ja ni zuwa gare shi, ana saura kaɗan a tashi. Mace ce baƙa, zaune a kan kujera mai shuɗin mayafi, da farin ɗankwali da ta ɗaura ta saki jelarsa a gefen kunci, da zoben zinariya a kunne, farin zane da jan ɗamara, ƙirjinta ɗaya a buɗe. Ta juyo tana kallon mai kallonta kai tsaye, ba murmushi, ba fushi, irin kallon wanda aka ce ya zauna kuma ya zauna. Mace ce ta zana ta, Marie-Guillemine Benoist, ɗalibar Jacques-Louis David, aka nuna hoton a Paris a 1800. Shekarar tana da muhimmanci, domin Faransa ta soke bauta a 1794, Napoleon kuma ya dawo da ita a 1802, ke nan cikin wannan ɗan tsakani aka zaunar da ita a inda sarakuna da wazirai da matan attajirai suka saba zama. Malaman zane na lokacin suna ganin baƙar fata ba ta zanuwa da kyau, ita kuwa Benoist ta fito da hasken da ke kwance a kafaɗa da goshi yadda duk wanda ya taso cikin baƙaƙen mutane zai ce haka yake.

Gidan ya mallaki hoton tun 1818, kuma kusan shekara 200 launin fatarta kawai ake rubutawa a ƙarƙashinsa. Sai a 2019, lokacin wani baje koli a gidan tarihi na Orsay, binciken masana ya fito da sunanta: Madeleine, daga tsibirin Guadeloupe, mai aiki a gidan dangin mijin mai zanen. Ɗan ƙanwata, wanda ya yi kwana biyu yana ɓuya a bayan taswira, wannan karo bai sunkuyar da kai ba, ya tsaya har mai gadi ya zo yana tafa hannu a hankali yana nuna mana ƙofa.

Katin hoto biyu na saya, na tsohon Ghirlandaio da na Madeleine, na sa su cikin littafin da nake rubutu. Da na dawo Kano na je kai wa ƙanwata saƙon ɗanta, ina ba ta labari sai katunan suka zamo. Ta ɗauki na tsohon ta yi dariyar hancin, sannan ta ce Allah sarki, jikansa ne. Ta ɗauki ɗayan, ta sa babban yatsa ta rufe ƙirjin, ta daɗe tana duban ɗaurin ɗankwalin.

"Yaya, wace ce wannan?"

Na ce sunanta Madeleine.

"'Yar gidan wa?"

Na ce daga wani tsibiri ne da ake kira Guadeloupe aka zo da ita Paris.

Ta ce: "Ai ba gari na tambaye ka ba."